Samuel McPaul da Guguwar Wutar Jingellic: Yadda Ostiraliya Ta Tuna da Ɗan Kwana-kwanan da Ya Mutu a Aikin Sa-kai

Da yammacin Litinin, 30 ga Disamba, 2019, gab da ƙarfe 6, wata motar kwana-kwana mai nauyin kusan tan 10 ta shiga wani filin kiwo kusa da ƙauyen Jingellic, a kudancin jihar New South Wales ta ƙasar Ostiraliya, daf da kogin Murray wanda ya raba jihar da maƙwabciyarta Victoria. Mutum uku ne a cikinta. Abin da ya kai su wurin shi ne wasu shanu da wuta ta rutsa a kusurwar filin, suna so su kora su zuwa tudun mun tsira. Filin shimfiɗaɗɗe ne, ciyawarsa ba ta da yawa, irin wurin da ake koya wa 'yan kwana-kwana su nufa idan al'amari ya ɓaci. Suna cikin ƙoƙarin barin wurin sai wata iska mai tsananin ƙarfi ta taso daga cikin gobarar, ta ɗaga motar ta baya, ta kifa ta a kan rufinta. Biyu suka tsira da ƙuna da raunuka. Na ukun, Samuel McPaul, a nan rai ya yi halinsa. Shekararsa 28.

Bakanike ne. Kafin ya kama gyaran motoci ya karanta kimiyyar dabbobi a Jami'ar Charles Sturt, kuma a yankinsu an fi saninsa da ƙwallon kwando, yana bugawa yana kuma horar da yara. Aurensa bai wuce shekara ɗaya da rabi ba, matarsa na ɗauke da cikin ɗansu na fari, ana sa ran haihuwa a watan Mayu. Yana cikin ƙaramar rundunar kashe gobara ta ƙauyen Morven, kuma ko sisin kwabo ba a biyansa a kan wannan aiki.

Me ya kai bakanike cikin motar kwana-kwana?

Wanda bai san karkarar Ostiraliya ba zai yi mamakin wannan. Ƙasar tana da faɗi ƙwarai, mutanenta kuma sun taru ne a biranen bakin teku. A can ciki, tsakanin gari da gari tafiya ce mai nisa, babu yadda gwamnati za ta ajiye ma'aikatan kashe gobara masu albashi a kowane ƙauye su zauna jiran wuta. Tun ƙarshen ƙarni na 19 manoma da makiyaya suka fara haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya domin kare gonakinsu. A 1997 wata doka ta tattara rundunonin jihar New South Wales a ƙarƙashin hukuma ɗaya, Hukumar Kashe Gobarar Karkara, wadda kowa ke kira RFS. A lokacin da McPaul ya rasu tana da masu aikin sa-kai kimanin 70,000 a rundunoni kusan 2,000, ana kuma yi mata kallon mafi girma irinta a duniya. Hukumar na ba da mota da kaki da horo. Mutanen su ne ke ba da lokacinsu da jikinsu.

Tsarin yana da kyau a shekarar da gobara ke zuwa ta kwana biyu ko uku ta wuce. Mutum ya rufe garejinsa, ya je ya taimaka, ya dawo. Shekarar 2019 ba irin wannan ba ce. Ita ce shekara mafi zafi kuma mafi ƙarancin ruwan sama da aka taɓa rubutawa a ƙasar har zuwa lokacin. A 18 ga Disamba matsakaicin zafin rana a faɗin ƙasar ya kai digiri 41.9 a ma'aunin Salshiyos, abin da ba a taɓa gani ba. Manyan gobara sun fara tun watan Satumba a arewacin jihar, suka yi ta gangarowa kudu. Kafin Disamba akwai mutanen da suka shafe makonni suna barin sana'arsu suna kwana a bakin wuta, wasu sun cinye hutunsu na shekara, masu sana'ar hannu kuma sun daina samun kuɗin shiga.

Kwana 11 kafin mutuwar McPaul hukumar ta riga ta yi rashi. A daren 19 ga Disamba, kusa da garin Buxton da ke kudu maso yammacin Sidni, wata bishiya ta faɗo wa motar rundunar Horsley Park tana cikin ayari, motar ta kauce hanya ta wuntsila. Geoffrey Keaton mai shekara 32 da Andrew O'Dwyer mai shekara 36 suka mutu, wasu uku suka jikkata. Kowanne daga cikin mamatan biyu ya bar yaro ɗan wata 19. Firaminista Scott Morrison yana hutu a Hawaii a lokacin. Wannan rashi ne ya sa ya nemi afuwa ya katse hutun ya dawo. A 29 ga Disamba, jajibirin ranar da McPaul zai mutu, gwamnatin tarayya ta sanar cewa za ta biya masu aikin sa-kai na jihar da suka yi asarar kuɗin shiga dalar Ostiraliya 300 a rana, har zuwa dala 6,000, muddin sun wuce kwana 10 a bakin aiki kuma suna sana'ar kansu ko suna aiki a ƙananan kamfanoni da matsakaita. Ba kowa ne ya yi maraba da maganar biya ba. Shugaban hukumar na lokacin, Kwamishina Shane Fitzsimmons, ya sha faɗin cewa mutanensa ba kuɗi ya kawo su ba, kuma da yawansu haka suke ji. Ni dai ina ganin biyan ya dace, ya ma zo a makare. Mayar wa mutum abin da ya rasa saboda ya je kare gidan wani ba ya rage wa niyyarsa komai.

Abin da ya ɗaga motar

A nan ne lamarin McPaul ya sha bamban da sauran, kuma a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau.

Gobarar da suke yaƙa, wadda aka sa wa suna Green Valley Talmalmo, tsawa ce ta tayar da ita kwana ɗaya kacal kafin nan. Cikin wannan ɗan lokaci ta yi girman da ta fara ƙirƙirar yanayin kanta. Yadda abin ke faruwa shi ne, idan wuta ta mamaye fili mai faɗi a lokaci guda, zafinta yakan tura iska da hayaƙi sama da gudu. Can sama iskar ta huce, danshin da ke cikinta ya zama gajimare, gajimaren ya yi ta hauhawa har ya zama cikakken hadari, wani lokaci ya kai tsayin kilomita 15 ko fiye. Hadari ne na gaske, da walƙiya da tsawa, sai dai ruwan da yake zubarwa kaɗan ne ko babu. Tsawarsa takan kunna sabuwar wuta nesa da ta farko. A ƙasa kuwa, iska tana ruguwa daga kowane ɓangare domin cike gurbin wadda ta tashi sama, wani lokaci kuma iska mai nauyi ta faɗo daga cikin gajimaren ta bugi ƙasa ta watsu ko'ina. Idan wannan iska ta samu abin da zai sa ta juyawa, kamar yanayin tsaunuka ko haɗuwar iskoki biyu masu saɓanin alkibla, sai ta murɗe ta zama guguwa. Shugabannin hukumar da suka yi wa 'yan jarida bayani washegari guguwar wuta suka kira abin da ya kifar da motar. Wata motar ta biyu da ke aiki a yankin ita ma iskar ta kayar da ita, wanda ke ciki ya jikkata.

Masana sun san irin wannan guguwa, amma ba su daɗe da tabbatar da ita ba. A 18 ga Janairu, 2003, gobara ta shiga unguwannin Kanbera, babban birnin ƙasar, ta kashe mutum 4, ta cinye gidaje kusan 500. Sai bayan shekaru masu bincike suka tabbatar daga hotuna da irin ɓarnar da aka gani cewa a ranar an samu guguwar wuta mai gudun da ya haura kilomita 250 a sa'a, kuma ita ce ta farko da aka rubuta da cikakkiyar hujja. A Yulin 2018 an sake ganin irinta kusa da birnin Redding na jihar Kalifoniya a Amurka, mai gudun kusan kilomita 230 a sa'a, ta kuma kashe wani jami'in kashe gobara. Abu ne da a da ake ɗauka sai jefi-jefi. A ƙarshen Disambar 2019 kuwa, irin wannan hadari na wuta ya yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya a kudu maso gabashin Ostiraliya, hayaƙinsa ya haura can ƙololuwar sama, ya tsallaka teku har Kudancin Amurka, ya zagaye duniya.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne McPaul da abokansa ba ganganci suka yi ba. Horon da ake ba ɗan kwana-kwana na daji ya ginu ne a kan abubuwa uku: yawan abin da wuta za ta ci, gangaren ƙasa, da alkiblar iska. Wuta tana saurin hawa tudu, tana ƙarfi inda itace da ciyawa suka yi yawa, tana bin iska. Duk wanda ya auna waɗannan ukun a filin nan na Jingellic zai ce wurin lafiya lau ne. Haɗarin daga sama ya sauko, daga gajimaren da mutumin da ke cikin hayaƙi a ƙasa ba lalle ne ya iya ganinsa ba.

Motar da aka gina domin wani haɗarin dabam

Motocin kashe gobarar daji na Ostiraliya suna ɗauke da tarihin waɗanda suka mutu a cikinsu. A 16 ga Fabrairu, 1983, ranar da ake kira Larabar Toka, mutum 75 suka mutu a jihohin Victoria da Ostiraliya ta Kudu, cikinsu har da masu aikin sa-kai 12 da wuta ta rutsa a Upper Beaconsfield. A 2 ga Disamba, 1998, a Linton ta jihar Victoria, iska ta sauya alkibla da dare, wuta ta lulluɓe motar rundunar Geelong West, mutum biyar suka ƙone. Binciken da ya biyo bayan Linton ya kawo sauyi sosai: aka wajabta mafi ƙarancin horo kafin a bar mutum ya shiga fagen wuta, aka riƙa sa wa motoci labulen da ke tare zafi, da bututun da ke fesa ruwa a jikin motar, da na'urar da ke gargaɗi idan ruwan tanki ya yi ƙasa domin a rage na kare kai. Waɗannan abubuwa sun ceci rayuka. A kakar 2019 zuwa 2020 an ga bidiyon motocin da wuta ta bi ta kansu, mutanen ciki suka fito da rai.

To amma duk wannan kariya ce daga zafi. Mutum ukun da hukumar ta rasa a watan Disamba babu wanda wuta ta lulluɓe a cikinsu. Biyu bishiya ce ta yi sanadinsu, ɗaya iska. A duka biyun motar ce ta kife. Tambayar da mutuwarsu ta ajiye a gaban hukuma ita ce ta ƙarfin ɗakin direba: zai iya ɗaukar nauyin bishiyar da ta faɗo masa, ko nauyin motar kanta da tankin ruwanta idan ta juye? Amsar ba mai sauƙi ba ce, domin duk ƙarfen da aka ƙara nauyi ne, nauyi a sama kuma yakan sa mota saurin kifewa, ko ya tilasta a rage ruwan da take ɗauka. Duk da haka tambaya ce da ta wajaba a yi, kuma sai da aka yi rashi aka yi ta da babbar murya.

Yadda aka yi juyayi

Jana'izar Keaton aka fara yi, a 2 ga Janairu, 2020. Kwamishina Fitzsimmons ya durƙusa ya maƙala lambar yabo ta jarumta a rigar ɗan marigayin, yaron da ko magana bai gama iyawa ba. Hoton ya zagaye duniya. A 7 ga wata aka yi ta O'Dwyer, inda 'yarsa ta ɗora hular kwanon mahaifinta a kai. Ta McPaul an yi ta a 17 ga Janairu a garin Holbrook, a filin wasannin garin, saboda yawan jama'a da kuma alaƙarsa da ƙwallon kwando. Firaminista da Firimiyar jihar, Gladys Berejiklian, sun halarta, 'yan kwana-kwana suka jeru cikin kaki a gefen hanya, aka miƙa wa matarsa lambobin yabonsa.

Akwai abin da ya sa mutane suka yarda da hawayen Fitzsimmons a waɗannan wurare. Shi ma ɗan irin wannan rashi ne. A shekarar 2000 mahaifinsa, George Fitzsimmons, ya mutu a gandun dajin Ku-ring-gai Chase da ke arewacin Sidni, lokacin da wutar da aka kunna da gangan domin rage busasshen daji ta juya kan ma'aikatan. Mutumin da ya ji irin wannan labari a ƙofar gidansu ya san abin da iyali ke buƙatar ji da abin da ba sa buƙata.

A 23 ga Janairu wani jirgin sama mai zuba maganin kashe wuta, ƙirar C-130, ya faɗi kusa da Cooma, Amurkawa uku da ke ciki suka mutu. Wata ɗaya bayan haka, a 23 ga Fabrairu, jihar ta shirya babban taron tunawa a Sidni, aka jera takalman aiki ƙafa shida a gaban jama'a, uku na masu aikin sa-kai, uku na ma'aikatan jirgin. Jihar kuma tana da wurin tunawa na dindindin a Sidni inda ake rubuta sunayen masu aikin sa-kai na hukumomin agaji da suka mutu a bakin aiki, ana taruwa a can kowace shekara.

Duk wannan ya dace, ban kuma raina ko ɗaya ba. Yaron da aka haifa bayan mutuwar mahaifinsa zai girma ya ga sunan a jikin dutse, ya ga lambar, ya san cewa mutane sun tsaya a rana domin ubansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Damuwata ita ce taro irin wannan yakan sa jama'a su ji kamar an sauke nauyi, alhali iyali da waɗanda za su sake hawa irin motar nan gobe suna da sauran haƙƙi.

Kuɗi, kotu da bincike

Ta fuskar doka, tun 1987 jihar ke da dokar diyya ta musamman da ta shafi masu aikin sa-kai na kashe gobarar daji da na agajin gaggawa, don haka iyalin wanda ya mutu a bakin aiki suna da haƙƙin diyya ko da ba ya karɓar albashi. Ta fuskar jama'a kuma, kuɗi ya zubo kamar ruwan sama. 'Yar wasan barkwanci Celeste Barber ta buɗe gidauniya a Facebook a farkon Janairu, ta tara dalar Ostiraliya miliyan 51. Sai matsala ta ɓullo: asusun da aka ambata a gidauniyar an kafa shi ne domin sayen kayan aiki da horo da tafiyar da rundunoni, alhali da yawa daga masu bayarwa sun ɗauka kuɗin zai kai ga waɗanda suka rasa gidaje, da wasu jihohi, da masu kula da namun daji. Aka tafi Kotun Ƙoli ta jihar. A watan Mayun 2020 kotun ta yanke cewa ba za a iya miƙa kuɗin ga wasu ƙungiyoyin agaji ko wasu jihohi ba, amma za a iya amfani da shi wajen tallafa wa 'yan kwana-kwanan da suka jikkata da iyalan waɗanda suka mutu, da kula da lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwar masu aikin. Wasu masu bayarwa sun ji haushi. Ga iyalai irin na McPaul, da mutum biyun da suka fito daga cikin motar da ta kife suka bar abokinsu, wannan ɓangare na hukuncin shi ne mai amfani.

Kakar ta ƙare da mutuwar mutum 33 kai tsaye a faɗin ƙasar, gidaje sama da 3,000 sun ƙone, wuta ta cinye fiye da hekta miliyan 24. Gobarar da ta kashe McPaul ta tsallaka kogin Murray ta shiga Victoria, daga baya kuma ta haɗe da wata gobarar suka zama ɗaya mai faɗin sama da hekta 600,000. Gwamnatin jihar ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dave Owens da Farfesa Mary O'Kane, ya miƙa rahoto a ƙarshen Yulin 2020 da shawarwari 76, gwamnati ta ce ta karɓe su duka. Cikinsu akwai kammala sa kayan kariya daga zafi a motocin da ba su da su, da yin ƙarin bincike kan irin kariyar da ta dace da ɗakin direba a kowace irin mota, da kula da lafiyar ƙwaƙwalwar masu aikin sa-kai. Kwamitin bincike na tarayya, wanda Mark Binskin ya jagoranta, ya kawo nasa shawarwari 80 a watan Oktoba. A 1 ga Satumba, 2022, ƙasar ta fara aiki da sabon ma'aunin haɗarin gobara mai matakai huɗu, wanda ya maye gurbin tsohon da aka gina a kan binciken shekarun 1960.

Binciken kotun da ke gano musabbabin mutuwa, wanda ya bi mace-macen kakar ɗaya bayan ɗaya a jihar, ya fara zama a 2021, sakamakonsa bai fito ba sai a watan Maris na 2024. Fiye da shekara huɗu ke nan iyalai suna jiran hukuma ta faɗa musu a rubuce yadda nasu ya mutu. A ganina wannan jira ya yi tsawo, ko da an yi la'akari da yawan gobarar da aka bincika da annobar korona da ta shigo tsakani. Cikin waɗannan shekaru rundunoni irin ta Morven ba su daina fita ba, kuma sauya dubban motoci aiki ne na shekaru da kuɗi mai yawa. Ɓangaren da ya fi wuya har yanzu shi ne na gargaɗi. Masana yanayi suna iya hango ranar da hadarin wuta zai iya tashi, suna kuma ganinsa a na'ura idan ya tashi, amma kai wannan labari cikin 'yan mintuna ga mutum uku da ke cikin hayaƙi a wani filin kiwo, a wurin da rediyo da waya ke yankewa, aiki ne da ke buƙatar hanyoyin sadarwa masu ƙarfi da kuma shugaban da zai ce kowa ya janye tun wuta ba ta nuna alamar komai a ƙasa ba.